Mu Ke Kiwon Kaji Ko Su Ke Kiwon Kansu?

Duk gidan da ka yi sallama a Kumagannam, kafin a amsa maka kaza ta riga ta gifta ta gabanka. Kowa mai kaji ne a garin nan. Mai biyar yana cewa kiwo yake yi, mai goma sha biyar ana ce masa ya yi nisa, wadda kuma annoba ta share wa akurki bara tana nan tana jiran ƙanwarta ta aiko mata da sagara ɗaya daga Yusufari ta sake kafa iri. Amma tsare ɗayanmu ka ce, to me kuke ba su, sai ya dube ka sama da ƙasa. Me ake ba kaza in ba gero ba? Nawa? Hannu ɗaya da safe, in an tuna. Sauran fa? Sauran Allah ke ba su.

Allah ke ba su kam, amma da ƙafarsu suke zuwa karɓa. Kazar Hausa tun assalatu take fita nema. Ta zagaya gindin turmi ta tsince abin da ya fallatsa wajen surfe, ta leƙa turken awaki, ta tone juji, ta warwatsa kashin shanu don tsutsa da ƙwayar da ba ta narke ba, ta bi fara har bakin gona. Magariba na yi ta dawo da kanta, ba wanda ya je nemanta. Mu kuwa ran da baƙo ya sauka, ko aka yi haihuwa, ko kuɗin magani ya gagara, sai ka ji mutum yana cewa a kamo masa jar kazar nan da ya sha wahalar kiwo.

Hannu ɗayan ma, ku tsaya wata rana ku ga yadda ake rabonsa. Uwar gida ta ɗebo a ƙwarya, ta yi kiran da suka sani, ta watsa a tsakar gida ta koma ɗaki. Tsohon zakara, wanda ya gama girma tun bara, shi ke fara sauka a tsakiya. Agwagwar maƙwabta ta shigo ta ƙarƙashin zana tana sharɓa da faffaɗan bakinta. Tantabaru su diro, ɗan akuya ya sa baki, gwara su kwashe na gefe. 'Yan tsaki kuwa, waɗanda su ne ke tsakiyar girma, ana tattake su. Wanda ya yi sa'a ya samu ƙwaya biyu. In dawa ce aka watsa ma ƙwayar ta fi ƙarfin bakinsa, ya ɗauka ya yar, ya ɗauka ya yar, har uwarsa ta haɗiye. Hannun babba ba ya ɗaukar abin da ya wuce giram 50, alhali kazar gidan gona mai yin ƙwai ita kaɗai tana cin giram 110 zuwa 120 a yini. Ku raba hannu ɗayan nan gida goma ku gani.

Abin da ke rufa mana asiri damina ce. Ruwa na sauka ƙasa ta cika da abinci: shinge, tsutsa, fara, ɗanyar ciyawa, kowane irin ƙwaro. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe a watan Yuli ko Agusta, in shirwa ta ƙyale su, sai ka ga suna tashi ba wanda ya kashe musu ko sisi. Kaka ta zo, masussuka ta buɗe, kowace kaza ta yi ɓul-ɓul. To amma daminarmu ta nan arewa wata uku ce in ta yi kirki. Daga hunturu zuwa bazara, abin da ke bayan gida rairayi ne, kuma rairayi ko an tone shi har gobe rairayi ne. Kaza ɗaya, gida ɗaya, hannun gero ɗaya, amma 'ya'yanta na damina da na bazara ba su tashi ɗaya. Da gero ne ke girmar da su, da ba a ga bambanci ba. Wannan kowace tsohuwa a garin nan ta san shi, ba ta dai taɓa lissafa shi haka ba.

Wanda ya sa muka lissafa shi dole maƙwabcinmu ne mai shago. Ana saura 'yan watanni Sallah ya je Nguru sarin kaya, ya dawo da kwali cike da fararen 'yan tsakin gidan gona da buhu ɗaya na abincinsu. Ya gyara musu ɗaki, ya kunna musu fitila, ya hana yara leƙe. Makon farko da na biyu kowa ya gani ya yaba, safe da yamma sai ka rantse an canja su. Da buhu ya ƙare ya aika a tambayo kuɗin wani, da ya ji farashi ya ce a bar shi. Geron da ya riƙe ubansa da kakansa har suka tsufa da ƙarfinsu, shi ne zai kasa riƙe tsuntsu? Ya buɗe rumbu, ya sa aka ɓarza, ya cika musu mazubi. Ba rowa, wannan kowa shaida ne. Ci suke yi, ba su ƙi ba. Amma girma ya tsaya cak. Gashi ya yi buzu-buzu, suka shiga tsattsagar juna har jini, wasu suka zauna a kan gwiwa ba su iya tashi. Sallah ta zo, kajin da aka ce za su cika faranti ba su fi sagarun gida ba.

Sai zance ya dawo gindin maina bayan la'asar. Wani ya ce baki ne, mutane sun cika yabo. Wani ya ce mai sayarwa ne ya haɗa shi da rubabbun iri. Wani ya ce kajin Turawa ba su son iskar nan. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa a 2013 muka samu 'yan boko masu gyara mana zance a majalisa, ɗaya daga cikinsu kuwa ɗan ƙanen mai shagon ne, aikin gona ya karanta. Ya bari manya suka gama, sannan ya gyara zama.

"Baffa, ba baki ba ne, ba kuma laifin gero ba ne. Ɗan tsako ba ƙoshi kaɗai yake nema ba. Tsoka yake haɗawa, da ƙashi, da gashi, kuma abin da ke yin wannan aiki shi ne furotin. Irin waɗannan da ka sayo, sai abincinsu ya ƙunshi kashi 20 zuwa 22 cikin 100 na furotin a makonnin farko. Gero yana da 11 zuwa 12, dawa wajen 10, masara 8 zuwa 9. Ko su ci har su kasa numfashi, rabin bukatarsu za su samu. Ɗan wanda ke cikin hatsin ma bai cika ba, akwai wani ɓangarensa da ake kira laisin, kowane hatsi yana da ƙarancinsa. In shi ya ƙare, aikin ya tsaya. Tsattsagar da ka ga suna yi, abin da suka rasa suke nema a jikin 'yan'uwansu."

Iya mai ƙosai, wadda kaskonta ke gefe kuma ba zancen da ke wuce ta, ta ce, "Kai ɗan nan, duk wannan doguwar magana ta mene ce? Ka ce gayan tuwo ya yi ta ɗura musu ba miya."

Aka kwashe da dariya. Mai shago ya ce, "Iya, ke ma har da ke?" Ta ce, "Da ka tambaye ni tun farko, da ban bari ka ɓata geron yara ba."

Abin da ya fi yi wa majalisa daɗi a bayanin yaron shi ne jin gero ya doke masara. Nan fa aka shiga kirari, wani har yana cewa dama ya sani. Kuma ba ƙarya ba ne. Masu haɗa abincin kaji a Kano da Jos da Ibadan masara suke bi domin ita ake samu tirela-tirela, kuma tana da ɗan rinjaye wajen ba da kuzari. Amma an gwada gero a madadinta a Indiya da Burazil da Amurka, kaji suka girma daidai, wani lokaci har da ɗan ƙari, muddin an haɗa shi da sauran abin da ya kamata. Ƙwayarsa ƙarama ce, kaza mai 'yan makonni tana haɗiye ta ba sai an niƙa ba, ƙundu ya yi aikinsa da 'yan tsakuwoyin da ta tsinta. Ko na gargajiya ne ko Sosat ɗin nan mai saurin nuna da ya fito ta hannun Cibiyar Binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri, duk ɗaya ne a wurin kaza. Aibinsa guda: kazar da aka kulle a kan gero zalla, gwaiduwar ƙwanta fari-fari take fitowa, domin gero ba shi da launin da jar masara ke bayarwa. Ganyen zogale ko ɗanyar ciyawa na gyara wannan. Shi ya sa ƙwan kazar da ke yawo da damina yake fita ja wur.

Dawa kuwa ba mu cika noma ta a tudun nan ba, yawanci daga kasuwa take zuwa mana. Kaura da farafara ba su da matsala, kaura ma da yake cikinta rawaya ne tana ɗan taimaka wa gwaiduwa. Wadda ake tsoro ita ce mai bauri. Ba kowace jar dawa ba ce, gwajin kuwa a baki yake: tauna ƙwaya biyu-uku, in ka ji harshe ya ɗaure, to akwai sinadarin da ake kira tanin a fatarta. Shi ne ke sa jan-baki ya tsallake gonarta ya faɗa ta maƙwabci, shi ne kuma ke riƙe furotin a cikin hanjin kaza ya hana jiki amfana da shi. Mai irin wannan dawa ya jiƙa ta da ruwan toka ta kwana, ya shanya ta bushe, baurin zai ragu sosai.

Sai dusa. A nan ne rikicin cikin gida yake, domin dusar gidan nan ɗaya ce, masu jiranta uku: ragon layya na maigida, akuyar uwar gida, da kaji. Kullum kaji ne na ƙarshe. Alhali in an surfa gero, fatar da aka cire da ɗan idon ƙwayar suna tafiya da mai da bitamin da wani kaso na furotin, mu mu ɗauki farin mu tuƙa. Yaron nan ya ba mu wani labari da ya sa har Malam ya ajiye carbi yana saurare. Wajen 1890, a tsibirin Jawa na ƙasar Indunusiya ta yau, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman yana binciken ciwon beriberi, wanda ke kashe wa mutane ƙafafu. Sai kajin da yake gwaji da su suka kama tangaɗi suna faɗuwa, daga baya kuma suka warke ba magani. Da ya bi sawu, ashe ragowar farar shinkafar asibitin soja ake ba su. Da aka canja mai dafa abinci, sabon ya ce shi ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba, aka koma saya musu wadda ba a goge ba, suka miƙe. Abin da ke cikin dusar nan shi ne aka gano daga baya bitamin B1 ne, kuma a kan wannan aka ba mutumin kyautar Nobel a 1929. Malam ya ce, "Ikon Allah. Wato rowar kuku ce ta warkar da su." Aka ce ƙwarai, Allah gafarta Malam.

Amma kada jin haka ya sa a cika wa ɗan tsako ciki da dusa zalla, cikinsa ƙarami ne, ita kuwa ɓawo ya yi mata yawa. A kuma kula da wadda ake kawowa daga injinan shinkafa na Gashuwa. Tsantsar dusar shinkafa abinci ce mai kyau, sai dai sau da yawa a gauraye take da ɓuntu, shi kuwa ɓuntu ba abin da kaza ke samu a cikinsa sai cikar ciki. Ga ta da mai, in ta daɗe a zafi sai ta canja wari. A murza a tafin hannu a shinshina kafin a biya.

To miyar fa, a ina za a samo ta? Ni abin da ya ba ni haushi da na zauna na duba, duk tana nan kewaye da mu, zubarwa muke yi. Tunkuzar gyaɗa, wadda aka matse mai aka bari, furotin ɗinta ya kai kashi 45 cikin 100. Ƙasar nan ba baƙuwar gyaɗa ba ce, tana cikin kayan da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, kuma har gobe mata na soya ƙuli-ƙuli a kowane lungu. Lissafin ba wuya: awo uku na ɓarzajjen gero, awo ɗaya na dakakken ƙuli-ƙuli, ka kusa kashi 20 ɗin da ake magana. A nemi wanda ba a cika wa gishiri ba, domin gishiri mai yawa na kashe ɗan tsako. Ga riɗi da muke nomawa muna ɗora wa 'yan kasuwa a mota, tunkuzarsa tana da wani ɓangaren furotin da gyaɗa ba ta wadata da shi ba. Ga 'ya'yan guna. Ga wake, wanda shi ke da laisin ɗin da gero ya rasa. Waken da ƙwari suka huda har uwar gida ta ce ba za ta dafa ba, a soya shi sama-sama a kasko ko a tafasa a shanya, a ɓarza. Ɗanye kam a'a, shi da waken suya duka, akwai abin da ke cikinsu mai hana narkewar abinci, wuta ce ke kashe shi.

Wanda ya fi su duka kifi ne. Duk mai sayar da banda a Nguru ko Gashuwa, in ya kai ƙasan kwali zai tarar da ɓarɓashi: kai, ƙaya, fata, gari. Fadamun Haɗeja da Nguru da kogin Yobe suna fitar da kifi shekara da shekaru, ɓarɓashin nan kuwa sharewa ake yi. Fiye da rabinsa furotin ne, ga laisin, ga ƙashi a ciki. Ɗan kaɗan ake barbaɗawa, cokali biyu-uku a kwano. Fara ma haka take, sai dai ita ba ma bar musu, mu ma soyawa muke yi da yaji. Wadda aka yi wa feshi a gona dai kada a ba kaza, kada a ba yaro.

Da aka zo kan gara sai Iya ta ce wannan ai ba sabon abu ba ne, kakarta tana yi. A samu tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta da yamma a inda aka ga gara na gini, a rufa mata buhu don sanyi. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗaga, a zazzage wa 'yan tsaki. Ana yin haka har yau a ƙauyukan Burkina Faso da Togo da arewacin Gana, musamman masu kiwon zabi. Mu nan mun bari ya mutu, muna ganin aikin yara ne, yaran kuma suna can suna kallon waya.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata a faɗe ta ko ba daɗi. Hatsin da ruwa ya taɓa a rumbu, ya dunƙule, ya yi fumfuna, ko gyaɗar da ta yi baƙi ta yi ɗaci, ba ma zubarwa. Cewa muke yi a ba kaji. A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni, aka rasa dalili, sai da aka bi diddigi aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Burazil, fumfuna ta zuba mata dafi. Daga nan duniya ta san gubar da ake kira afalatoksin. Ba kullum take kashewa nan take ba. Hanta take ci a hankali, kaza ta ƙi girma, ƙwai ya ragu, ciwo kaɗan ya kayar da ita. 'Yan agwagi sun fi kowa saurin faɗuwa. Kuma tafasa ba ta kashe ta.

Ni a ganina, gyaran da ya fi kowanne sauƙi ba ya cin ko ƙwaya ɗaya fiye da abin da muke bayarwa yanzu. A canja mai ci kawai. A samu babban kwando ko a kafa 'yan sanduna a zagaye, a bar tsakani daidai shigar ɗan tsako, uwarsa da zakara da agwagwa su tsaya a waje suna leƙe. A ciki a ajiye tsakin gero da aka gauraya da ɗan ƙuli-ƙuli da garin kifi, da ruwa a murfin da ba shi da zurfi. Mako shida zuwa takwas na farko su ne magana. A nan ne ake asarar mafi yawan 'yan tsaki, kaza ta ƙyanƙyashe goma bayan kwana 21 tana kwanci, wata biyu a ƙirga a ga uku. Muna ɗora wa shirwa da muzuru, su ma suna da nasu, amma ɗan tsakon da yunwa ta sa ya yi nisa da uwarsa, ƙafarsa ba ƙarfi, shi shirwa ke fara gani.

Mai ƙwai kuma bukatarta daban. Ɓawon ƙwai ɗaya yana cin kusan giram 2 na kalsiyam, hatsi kuwa kusan babu shi a ciki. In ba ta samu ba, daga ƙashinta take cira, sai ka ga ƙwai mai taushi ko kaza tana fasa nata tana sha. Ƙashin da aka ci nama aka jefa wa kare, a ƙona shi har ya yi fari a daka. Ɓawon ƙwan mai shayi ma a gasa a murtsuke, yadda ba za ta gane shi ba balle ta koyi fasawa.

Ruwa kuwa kunya ce ma a faɗa. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kaza ta buɗe baki ta saki fiffike, ci ya ragu, kuma wadda ba ta sha ba ba ta ci. Abin da take sha ya ninka abin da take ci sau biyu, da zafi ya fi haka. An ce albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko, to a gidaje da yawa na garin nan ƙadangaren ma ya daina zuwa, don kaskon a bushe yake tun hantsi.

Duk wannan in ba a yi rigakafi ba, an tara wa annoba ne. Kowace shekara iskar hunturu na kaɗawa sai ciwon nan ya shigo, kaji su yi ta gyangyaɗi, wuya ya murɗe, kashi ya koma kore, cikin mako guda unguwa ta yi tsit. Likitocin dabbobi suna kiransa Newcastle. Mu kuwa barkono muke jiƙawa, ko mu ɓare kafso mu zuba a ruwa, wanda bai taɓa kashe wannan cuta ba. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin maganin rigakafinsa, har da wani mai jure zafi da ake ɗigawa a ido, wanda aka yi don ƙauyuka irin namu. Kwalba ɗaya ta ishi kajin gidaje da yawa, sai dai a haɗa kai a kira ma'aikaci kafin sanyi ya shigo. Haɗa kan ne wuyar.

Wani dattijo ya kawo maganar da ta fi kowace nauyi. Ya ce duk ya ji, amma geron wa za a ba kaza? Rumbu na maigida ne, kaji na matan gida ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 tiyar gero ta zama abin da ake ƙirga wa baki. Gaskiyarsa. Kuma kazar Hausa ko an kwantar da ita a cikin rumbu ba za ta zama ta gidan gona ba. Waccan an yi shekaru ana tace irinta, tana cin wajen kilo 4 na haɗaɗɗen abinci ta kai kilo 2 cikin mako shida zuwa bakwai. Tamu sai ta yi wata biyar ko shida kafin ta haura kilo ɗaya, ta yi ƙwai goma sha wani abu ta kwanta a kai, sau uku a shekara in an yi dace. Amfaninta shi ne ba ta tambayar ka komai. Wanda ya ɗura mata tiya-tiya ya yi asara, kitse kawai za ta tara. Wanda kuma ya kulle ta gidan gona, ko Noiler ɗin nan da ake kawowa daga jihar Oyo, ko Shika Brown ta Zariya, to ya ɗauke mata hanyar juji, duk abin da juji ke bayarwa ya koma wuyansa. Ya yi lissafin buhu na biyu da na uku tun kafin ya ɗauko kwali.

Bafulatanin da ke kawo mana nono yana tsugune yana ji, sai ya ce shi zabinsa ba ruwansu da wannan boko, daji suke shiga su dawo da ƙiba. Wani Bamange ya ce ai dole, tunda gonakin mutane suke kiwo, su da shanun duka. Ya ce to ku da kuke da gonakin me ya hana naku ƙiba? Aka yi ta yi. Amma da aka tambaye shi 'ya'yan zabi nawa ke rayuwa cikin waɗanda kaza ke ƙyanƙyashe masa bayan ta yi mako huɗu a kan ƙwan, sai ya ce wannan kuma sai a hankali, raɓa ke kashe su. Raɓa na kashewa, yunwa ma haka. Ɗan zabo ya fi ɗan kaza bukatar furotin, shi ya sa masu zabi na yamma ba su wasa da tukunyar gara.

Ranar kasuwa kuma muna da wata dabara da kowa ya sani, kowa kuma yake yi. Da asuba a kama kaza a cika ta da jiƙaƙƙiyar dawa har jakar wuyanta ta yi tsele, wai ta yi nauyi a hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dillalan da ke tara kaji suna lodawa zuwa Kano ba wuya suke dubawa ba. Kifa ta suke yi, su hura gashin ƙirji, su ɗora babban yatsa a kan ƙashin tsakiya. In tsoka ta rufe shi gefe da gefe, a yi ciniki. In ya fito da tsini, ko ta haɗiye mudu guda kuɗinta ba ya motsi, dawar kuma ta tafi a banza.

Mai shago dai ya ce zai sake gwadawa bayan kaka, amma da na gida zai fara, ya riga ya sa yara sun saƙa masa kwando. Ɗan ƙanensa ya yi masa alkawarin ɓarɓashin kifi daga Gashuwa. Iya kuwa, da can in ka sayi ƙuli-ƙuli a wurin jikarta, garin da ke ƙasan roba gyara ne, a juye maka a leda ba ko godiya. Yanzu ta sa an ƙulla shi ɗauri-ɗauri an jera a gefen faranti, da kuɗinsa. Da aka yi mata ƙorafi ta ce ba ita ta je jami'a ba, a je a tambayi wanda ya tona.